Lissafin Ƙarfin Tsoka Idan An Zabure Ta da Lantarki: Bayani da Matsalar Kalmomi

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin bayyana, da Hausa, yadda ake ƙiyasta ƙarfin tsoka idan an zabure ta da lantarki. Batun ya shafi masu shanyewar ɓarin jiki, irin waɗanda ake kaiwa asibitin Galmi daga Konni, Malbaza da Illela.

2. Tushen lissafin

A 1791 Galvani ya nuna cewa lantarki na motsa ƙafar kwaɗo. A 1938 A. V. Hill, a Ingila, ya fitar da wannan ƙa'ida:

(F + a)(v + b) = (F0 + a)b

F shi ne nauyin da tsoka ke ja, v saurin tsukewarta, F0 iyakar ƙarfinta. A da b kuwa lambobi ne da ake samu ta gwaji. Wato, gwargwadon nauyi, gwargwadon raguwar sauri. Duk mai jan guga a rijiya ya san haka.

3. Bugu da gajiya

Bugun lantarki ɗaya yana sa tsoka ta tsuke sannan ta saki. Idan na biyu ya zo kafin ta saki, ƙarfin biyun sai ya haɗu. Idan bugun ya yawaita, sai ta tsuke gaba ɗaya, daga nan ƙarin bugu ba ya ƙara kome sai gajiya. Tun 1961 Liberson ya yi amfani da lantarki don ɗaga ƙafar masu shanyewa, amma gajiyar tsoka ta ci gaba da hana ruwa gudu. Shi ya sa Ding, Wexler da Binder-Macleod, a Amurka, suka shigar da gajiya cikin lissafinsu a 2000, domin a nemo bugun da zai ba da ƙarfi ba tare da saurin gajiya ba.

4. Matsalar kalmomi

Kalmar jijiya ta ƙunshi abin da Faransanci ya raba zuwa nerf, veine da tendon. Lantarki kuwa ta farkon yake zaburarwa, ta ukun kuma ita ke kai ƙarfi ga ƙashi. Don haka muna ba da shawarar: jijiyar saƙo, jijiyar jini, jijiyar ɗauri.

5. Kammalawa

Muddin ba a raba su ba, majinyaci zai iya ɗauka cewa jininsa za a saka wa wuta, ya ƙi magani.