Birki da batir: Yadda ake mayar da motar rimot mai aiki da lantarki

Tun daga ƙarshen shekarun 2000 masu sha'awar tseren ƙananan motocin da ake sarrafawa da rimot a Amurka da Turai suka fara cire injinan mai daga motocinsu, suna maye gurbinsu da na lantarki. Kamfanoni irin su Castle Creations da Tekno RC na Amurka na daga cikin waɗanda suka ƙera kayayyakin wannan aiki.

Injin lantarki ba shi da hayaƙi ko ƙara mai yawa, kuma ba ya bukatar yawan gyara kamar wanda ke shan man methanol da nitromethane. To sai dai sauya injin shi ne ɓangare mafi sauƙi. Inda aka fi samun matsala shi ne wajen birki da haɗa wayoyin batir.

Wa zai tsayar da motar?

A motar da ke amfani da mai, wata 'yar na'ura mai ja da turawa, da ake kira servo, ita ce ke aiki biyu: idan ta juya gefe guda ta buɗe totur, idan ta juya ɗaya gefen kuma ta matse faifan birki da ke jikin giyar tsakiya.

Da zarar an sa injin lantarki, aikin totur ya koma hannun na'urar sarrafa gudu, wato ESC. Ita ma tana iya taka birki, ta hanyar sa injin ya yi tirjiya ga jujjuyawar tayoyi. Wannan ya sa mutane da dama ke cire tsohon birkin baki ɗaya domin rage nauyi.

Amma kuma birkin inji yana ƙara wa injin da na'urar ESC zafi, sannan ba ya bai wa direba damar raba ƙarfin birki tsakanin tayoyin gaba da na baya, abin da ke da muhimmanci wajen shan kwana. Saboda haka wasu ke barin birkin faifai, su haɗa servo ɗin da tasha ta uku ta rimot, sannan su rage birkin ESC ko su kashe shi, domin kada biyun su kama a lokaci guda tayoyi su daskare.

Haɗa batura

Akasari ana amfani ne da batirin lithium da ake kira LiPo. Kowane ɗaki nasa na ba da volt 3.7, yana kaiwa 4.2 idan ya cika, kuma yana lalacewa idan ya sauka ƙasa da volt 3. Motocin da girmansu ya kai kashi ɗaya cikin takwas na motar gaske galibi suna aiki ne da ɗakuna huɗu, wato volt 14.8.

Ana iya samun hakan ta hanyar jera batura biyu masu volt 7.4, a haɗa jar wayar ɗaya da baƙar wayar ɗayan, ragowar biyun su tafi ga ESC. Wajibi ne baturan su kasance iri ɗaya, masu caji daidai da juna. Idan aka juya wayoyin a bisa kuskure, na'urar ESC na iya ƙonewa nan take.

Akwai kuma batun wutar da servo da na'urar karɓar saƙon rimot ke bukata, wadda yawanci ba ta wuce volt 5 zuwa 6 ba. Motar mai tana da ƙaramin batir na daban domin wannan, yayin da yawancin na'urorin ESC ke samar da wutar da kansu. Wanda ya bar ƙaramin batirin dole ne ya zare jar wayar tsakiya daga filogin ESC, don kada wuta ta riƙa zuwa daga wurare biyu.

Hatsarin gobara

Batirin LiPo da ya huje, ko ya kumbura, ko wayoyinsa suka taɓa juna, na iya kamawa da wuta. Don haka ake ɗaure shi da kyau a jikin motar, a yi masa caji da cajar da ke daidaita ɗakunansa, cikin jakar da ba ta cin wuta, kuma ba a tafiya a bar shi yana caji.

Kafin gwajin farko, akan ɗaga motar sama yadda tayoyinta ba za su taɓa ƙasa ba, a kunna rimot tukuna sannan a jona batir, a tabbatar birki na kamawa kafin a sauke ta a fili.