Bangon Ƙwayar Halittar Tsiro: Yadda Furotin da Fektin ke Jeruwa Lokacin Girma

Gabatarwa

Duk wanda ya san kasuwar Agbogbloshie da ke Accra ya san ta da kayan gwari da doya. A nan ne Hausawa fatake suka daɗe suna sauke albasar Galmi ta Jamhuriyar Nijar, kafin a mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku a shekarar 2021. Ɗan kasuwa ya san kubewa ɗanya takan karye ƙas, tumatir kuwa idan ya kwana biyu a rana sai ya yi lugub, ciniki ya koma asara. Wannan takarda za ta bayyana dalilin haka, wanda ke ɓoye a bangon ƙwayar halittar tsiro.

Kayan ginin bango

Jikin kowane tsiro tarin ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, su ake kira ƙwayoyin halitta. Robert Hooke na Ingila ne ya fara bayyana su a 1665. Kowane ɗaki cike yake da ruwa, kuma ruwan yana tura bango da ƙarfin da kan wuce na iskar tayar mota. Ke nan dole bango ya yi ƙwari don kada ɗakin ya fashe, dole kuma ya miƙe don tsiro ya girma. Ta yaya abu ɗaya zai yi aiki biyu masu karo da juna?

Mu ɗauki misalin ginin ƙasa. Magini yakan cuɗa laka da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, don gini ya kama. A bangon tsiro, zaren selulos shi ne ramno. Fektin shi ne laka mai riƙe ruwa, kuma shi ke manne ɗaki da maƙwabcinsa. Henri Braconnot na Faransa ne ya raɗa masa suna a 1825. A bangon da ke girma na tumatir ko wake, fektin yakan kai kashi ɗaya cikin uku, amma a dangin gero da dawa kaɗan ne. Sai furotin, wanda ba shi da yawa, amma shi ne magini.

Yadda fektin ke sauyawa

Fektin doguwar sarƙa ce ta sukari. Sa'ad da ƙwayar halitta ta fitar da shi zuwa bango, yawancin zobban sarƙar na sanye da wata 'yar hula da ake kira metil. Muddin hular na nan, sarƙoƙin ba sa kama juna. Daga baya wani furotin yakan zo ya cire hulunan, sai gurbin kowace hula ya zama mai jan kalsiyam. Kalsiyam ya shiga tsakanin sarƙa biyu ya ɗaure su, fektin ya daskare kamar kafaffen koko. Saboda haka tsiro na iya sassauta wani sashe na bango, ya ƙarfafa wani, ta hanyar zaɓen inda za a cire hula.

Aikin furotin

A 1960 Derek Lamport ya gano wani furotin da ke saƙe a cikin bango, wanda aka sa wa suna ekstensin. A 1992 kuma ɗakin binciken Daniel Cosgrove a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka ya gano ekisfansin a jikin tsiron kokwamba. Ekisfansin ba ya yanke zaren selulos. Yana sassauta wuraren da zare ya manne da zare ne, sai ruwan ciki ya tura, bango ya miƙe. Siririn fatar da ake ɓarewa daga ɓawon albasa na cikin abubuwan da wannan ɗakin bincike ya fi amfani da su. A 2021 suka nuna cewa zaren selulos ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, kuma yana zamewa a kan ɗan'uwansa idan bango na miƙewa.

An daɗe ana ɗaukar furotin da fektin tamkar gauraye suke barkatai. Bincike na baya-bayan nan ya nuna a jere suke. Misali mafi bayyana shi ne bututun da ƙurar fure ke fitarwa don ta isa ga ƙwan fure. Bututun daga tsininsa kawai yake girma. A tsinin, fektin na da hula, bango na da taushi; a bayansa an cire hula, bango ya yi ƙwari. A 2023 masu bincike ƙarƙashin Julia Santiago ta Jami'ar Lausanne a Suwizalan suka nuna cewa wani ƙaramin furotin, RALF4, yana maƙale wa wani babba mai suna LRX8, sannan ya kama fektin da aka cire wa hula. Su ukun suna saƙa wani abu kamar raga a jikin bango. Idan ragar ta samu matsala, bututun kan fashe kafin ya isa, kuma ba za a sami iri ba. A 2024 aka ga irin wannan a gashin saiwa, inda RALF22 da fektin ke jeruwa zobe-zobe kamar awarwaro a hannu.

Daga kasuwa zuwa tukunya

Idan tumatir ya fara nuna, yakan saki furotin masu yayyanka fektin da ke manne ɗakuna, sai ɗakunan su saki juna. Zafi yana hanzarta wannan aiki, shi ya sa kwana ɗaya da mota ta ƙara a hanya daga Burkina Faso yake bayyana a cikin akwatin tumatir. Yauƙin miyar kubewa kuwa wani nau'in fektin ne da ya narke a ruwa. Haka nan mai dafa waakye a Nima ko Maamobi, abincin da sunansa ya fito daga kalmar Hausa "wake", idan ta jefa kanwa a tukunya, kanwar tana raunana ɗaurin fektin ne, sai wake ya dahu da wuri, a rage ƙona gawayi.

Kammalawa

Bangon tsiro gini ne da ake sassautawa ana ɗaurewa a lokaci guda. Fektin na sauya hali gwargwadon hularsa, furotin na tsara inda zai daskare da inda zai saki, selulos kuma na ɗaukar nauyi. Ɗalibi zai lura cewa kalmomi irin su bango, laka, ramno, hula da raga sun ɗauki mafi yawan bayanin, aro kuwa bai wuce sunayen sinadarai ba. Sai a gwada bayyana nunar mangwaro ko ayaba da waɗannan kalmomi.