Ƙin cin nama: addini ne ko ra'ayi?

A masana'antun Sharada da Bompai akwai Indiyawa da addininsu ya hana su nama, amma suna shan madara. Masu aƙidar bigan sun zarce haka: ba nama, ba ƙwai, ba nono, ba zuma, ko takalmin fatar da aka jeme a Challawa ba sa sawa. Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyarsu a Ingila a 1944. Ba su da littafi, ba su da ibada, hujjarsu tausayin dabba, kuma tausayin ba abin rainawa ba ne. A 2020 wata kotun ma'aikata a Ingila ta ba aƙidar kariya irin ta addini. Musulunci ma ya hana azabtar da dabba, ya ce a wasa wuƙa kafin yanka, sai dai ya halatta nama, har ya shar'anta layya.