Tiramol da Murhun Jiki: Ɓarnar da Jini ke Tonawa

Tambayi ɗan dako a kasuwar Tsafe, ko ɗan acaɓa a Gusau, ko mai ƙwadago a gonakin Bungudu abin da ya sa yake haɗiyar tiramol da sassafe. Ba zai ce maye ya fito nema ba. Cewa zai yi ƙarfi yake so, ya kai yamma bai gaji ba. Abin takaicin shi ne, wurin da jiki ke samar da ƙarfin, can ɓarnar take sauka.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wasu ƙananan murahu da masana ke kira maitokondiriya. Su ke ƙona abinci da iskar da muke shaƙa su mayar da su kuzari. Suna da DNA nasu na kansu, ɗan ƙarami mai harufa 16,569, wanda mutum ke gada daga uwa kaɗai. Rauninsa shi ne yana zaune a bakin wuta: gurɓataccen tururin da ƙonar ke fitarwa shi yake fara tararwa, ga shi ba shi da kariya da hanyoyin gyara irin na babban DNA da ke tsakiyar ƙwayar halitta.

A 2013 masu bincike a Kunming ta ƙasar Sin suka auna jinin waɗanda hiroyin ta kama, suka tarar yawan wannan DNA ya ragu idan aka kwatanta da na masu lafiya. Da suka daɗe suna ba ɓeraye mofin, sai suka ga raguwar a jini da kuma sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tunani. Bayaninsu shi ne ƙwayar halitta kan cinye murahunta da suka lalace, mofin kuma yana zuga wannan cin. Jini a nan madubi ne kawai, domin ba a yanko ƙwaƙwalwar mai rai a auna. Ba ma jan jini ake dubawa ba, shi ba ya da murhu; fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini su ke ba da labari.

Sai dai a yi adalci. Hiroyin da mofin aka gwada, ba tiramol ko kodin ba, ko da yake dangi ne, kodin ma hanta kan mayar da wani kasonsa mofin. Kuma a Zamfara masu cin murhun da yawa suke: taba, yunwa, da gubar dalma wadda ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. Matashin da ke haƙar zinariya yana shan tiramol, wa za a ɗora wa laifin abin da aka gani a jininsa? A ganina wannan haɗuwar ta fi ban tsoro, ba sassauci ba ce.

Yawan masu shan ma ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ke shan irin waɗannan magunguna ba da umarnin likita ba. A watan Mayun shekarar gwamnati ta haramta shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi, bayan wani fim da BBC ta fitar a kan shansa. Kasuwa ba ta mutu ba, sauya riga ta yi. Hukumar kula da magunguna ta NAFDAC ta amince da tiramol mai miligiram 50 da 100 ne kawai, amma mai 225 ake fasa-ƙwaurinsa daga Indiya. Iyakar da likita ke bayarwa a yini 400 ce. Ƙwaya biyu masu 225 sun wuce ta, daga nan ana iya samun jijjiga irin ta farfaɗiya. A 2025 kuma BBC ta bankaɗo wani haɗin tafentadol, ɗan'uwan tiramol, da ake turowa Afirka ta Yamma daga Mumbai.

Kame da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ke yi yana da amfani, amma bai taɓa dalilin sha ba. Wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa, ya dawo gari yana dako don ciyar da mutum goma, wa'azi kaɗai ba zai raba shi da ƙwaya ba. Yana sha don ya yi aiki, jiki ya saba, gajiya ta ƙaru, ya ƙara yawa. Barin ƙwayar farat ɗaya kuma ciwo ne da ke bukatar kulawar likita.

Masu binciken Kunming sun ga sinadarin melatonin ya rage ɓarnar a jikin ɓeraye. Kada wani ya ruga kemis a kan haka, ɓera ba mutum ba ne. Abin da sakamakon ke nunawa shi ne ɓarnar tana iya karɓar gyara.

Gusau tana da Jami'ar Tarayya, tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Su haɗa kai su auna jinin matasanmu masu shan tiramol da yardarsu, gwamnatin jiha kuma ta kai wuraren jinyar masu son dainawa har Tsafe da Bungudu.