Rahoton Tasirin Aiki ga Muhalli

Rahoton tasirin aiki ga muhalli bayani ne da masana ke rubutawa kafin a fara wani babban aiki, kamar gina masana'anta ko madatsar ruwa ko shimfiɗa layin dogo, domin a hango illar da aikin zai yi wa ruwa da iska da ƙasa da jama'a. Amurka ce ta fara aiki da irin wannan doka a shekarar 1970. A Nijeriya kuwa, sharar gubar da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988 ita ta farkar da hukuma. Daga baya aka kafa Doka ta 86 ta shekarar 1992, wadda ta wajabta rubuta rahoton. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke duba shi a yau.

Alal misali, a ce wani kamfani zai gina masana'antar jima a gaɓar Kogin Kubanni. Wannan kogi shi ke cika madatsar ruwan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, sannan ya gangara ta gefen Sabon Gari ya faɗa Kogin Galma. Matakin farko shi ne a auna tsabtar ruwan da damina da rani, a kuma ƙidaya masu lambu da masunta da makiyayan da suka dogara da shi. Da wannan awo ne za a kwatanta duk wani canji da ya biyo baya. Sai a bayyana irin dagwalon da masana'antar za ta fitar, da yadda zai shafi latas da tumatirin da ake kaiwa kasuwar Sabon Gari. Bayan haka a kawo hanyoyin rage illa, kamar tace ruwan kafin a sake shi, ko ma sauya wurin ginin ɗungurungum.

Idan an kammala, akan baje rahoton a bainar jama'a har tsawon kwanakin aiki 21, domin kowa ya faɗi ra'ayinsa a rubuce. Sai dai da Ingilishi ake rubuta shi, alhali yawancin waɗanda aikin zai shafa Hausa suke ji. A nan ne nauyi ya rataya a wuyan malamin Hausa: ya karanta, ya fassara wa manoma da masu unguwanni, ya kuma taimaka musu su rubuta ƙorafinsu kafin wa'adin ya cika.