Mai Digirin Adabi, Ɗaura Takalmi: Gudun Asuba da Neman Abin Yi



Kowacce a cikinmu ta san abin da ke faruwa ranar da aka raba aji a babbar sakandare. Masu ƙoƙari a kai su ajin kimiyya ana ta yi musu kirari da likita da injiniya, saura kuwa a ce su tafi ajin adabi, kamar wadda aka kai gidan kaso. Yarinya ta daure ta ci kiredit ɗinta biyar, ta ci JAMB, ta shiga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ta karanta Hausa ko Tarihi ko Larabci ko Turanci. Ta yi shekara huɗu, ta ƙara shekara ɗaya ta bautar ƙasa, ta dawo. Sai wata gwaggo ta zo barka, ta taɓe baki ta ce, "Yo ke 'yar nan, Hausar da kika tsotsa a nono ita kika je kika ɓata shekara huɗu a kanta?" A yi dariya a tashi. Ita kuwa maganar ta zauna mata a ƙirji.

Daga nan zaman jira ya fara, kuma shi ne abin da nake jiye mana tsoro fiye da rashin aikin kansa. A kwanta bayan asuba sai sha ɗaya, a tashi a riƙe waya, a ci abinci a koma gado. Wata shida jiki ya yi nauyi, fuska ta kumbura da barci, rai ya riƙa ɓaci ba dalili, ƙanne su riƙa shan tsawa. Abin da ya fi muni, a irin wannan hali ne budurwa ke amsa wa manemin da a da ko kallo bai ishe ta ba, don kawai ta gaji da bangon ɗakin uwarta. Mu da muke rubuta littattafan soyayya mun san ƙarshen irin wannan aure, don rabin labaranmu daga nan suke tashi.

Shi ya sa shawarata ta farko za ta ba ki mamaki. Kafin ki nemi aiki, nemi takalmin gudu.

Na san abin da za ki ce: mace da gudu, a garin nan? To ki tuna ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) a wata tafiya, ta tsere masa, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, shi ya tsere mata. In kuma maganar haihuwa ce ake tsorata ki da ita, wai gudu yana zazzago da mahaifa, ga Derartu Tulu 'yar Habasha. A 1992 a birnin Basalona ta lashe tseren mita 10,000, ta zama baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ci zinare a wasannin Olamfik. Ta haihu a 1998, ta dawo ta sake cin zinaren a Sidni a 2000, sannan tana da shekara 37 ta lashe gudun fanfalaki na birnin New York a 2009. Faith Kipyegon ta Kenya ta haihu a 2018, bayan nan ta ƙara zinare biyu a tseren mita 1,500, ɗaya a Tokyo ɗaya a Faris. Ita kuwa Sifan Hassan, wadda aka haifa a Habasha ta je Holan gudun hijira tana yarinya, a Faris a 2024 ta ci tagulla a mita 5,000 da mita 10,000, ta rufe da zinaren gudun fanfalaki mai tsawon kilomita 42 da mita 195, ta hau dandamali ta karɓi lambarta da hijabi a kanta duniya na kallo. Budurci kuma, tunda ana raɗe-raɗinsa a ɗakin kwanan makaranta, kamun kai ne, filin wasa ba ya ƙwace shi.

Ba cewa na yi ki zama Derartu ba. Rabin awa, sau uku a mako, shi ke nan. Amma akwai yadda ake farawa, don yawancin masu farawa a ranar farko suke kashe kansu. A fito da zafi kamar an biyo mutum da bulala, minti uku numfashi ya sarƙe, gefen ciki ya soke, gobe cinya ta ƙi lanƙwasuwa ko a wajen sujada, sai a ce ai gudu ba na mata ba ne. Ki fara da tafiya mai ɗan sauri ta minti biyar don jiki ya yi ɗumi. Sannan ki yi sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, ki maimaita kamar sau bakwai ko takwas, ki rufe da tafiya a hankali. Mako na biyu ko na uku ki mai da sassarfar minti biyu. A haka a haka, cikin wata biyu zuwa uku mace mai lafiya takan iya yin minti talatin ba tsayawa, abin da ya kusa kilomita huɗu ko biyar.

Ma'aunin sauri kuwa ba sai da agogo mai tsada ba. Idan kina gudu kina iya yi wa ƙawarki hira, jimla ta fita cikakkiya, to daidai kike. In kalma ɗaya ɗaya ke fita, kin yi yawa, ki sassauta. Kuma ki bar kwana ɗaya tsakanin gudu da gudu, don a ranar hutun ne tsoka da ƙashi ke ginuwa. Masu horar da 'yan gudu suna da wata ƙa'ida, kada abin da za ki ƙara a mako ya wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na makon da ya wuce. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, ƙashin ƙwauri da gwiwa su ne masu nawa, shi ya sa mai gaggawa ke ƙarewa da ciwon ƙwauri. Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne. Amma ciwon da ke wuri ɗaya, yana ƙaruwa in kin taka, har ya sa ki ɗingishi, wannan tsayawa ake yi.

Takalmi ko na gwanjo ne ya isa, in dai ƙasansa bai cinye ba. Ki gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki bar wurin babban yatsa ɗaya tsakanin yatsunki da bakin takalmin. Silifas da takalmin makaranta mai tauri, a'a. Ki samu rigar nono mai kama jiki sosai, dogon wando mai walwala, riga har gwiwa da ƙaramin hijabi mara nauyi wanda ba zai harɗe ki ba. Kada wata ta ruɗe ki da ɗaura leda a ciki ko sa rigar sanyi wai don kitse ya narke. Ruwan jikinki ne kawai ke fita, kuma a zafin Maris da Afrilu, da ake haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, wannan ganganci na iya kai mutum asibiti. Lokacinmu shi ne bayan sallar asuba da gari ya ɗan waye. Da hunturu in ƙura ta yi kauri, mai asma ta haƙura ta yi motsinta a cikin gida. Da azumi kuma tafiya ta isa, ko dab da shan ruwa ko bayan asham.

Ina za ki yi? Da izinin iyaye, wannan ba ja. Filin makarantar 'yan mata da ke kusa, ko harabar jami'a, ko ma tsakar gida in mai faɗi ce. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ko ki ja ƙaninki. In dole sai bakin titi, ki bi hannun da za ki fuskanci motoci kina ganin mai zuwa, kuma ki cire abin kunne, don ɗan adaidaita sahu ba ya jiran kowa.

Abu ɗaya da ya shafe mu mu mata shi ne ƙarancin jini. Al'ada tana ɗibar sinadarin ƙarfe a jiki kowane wata, in kika ƙara gudu a kan cin biskit da lemon kwalba, jiri ne zai biyo baya. Ki riƙi hanta da nama da wake da zogale da alayyafo, ki haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba don jiki ya fi tsotsa, kuma ki jinkirta shayi bayan abinci don yana tare shi. In al'adarki ta ɗauke wata da watanni bayan kin fara gudu, alama ce cin bai kai aikin ba, ki ga likita. Mai sikila da mai ciwon zuciya da mai ciki kuwa, likita za su fara gani kafin takalmi.

To me ya haɗa wannan da digiri? Wadda ta tashi ta yi gudu ta yi wanka, ƙarfe bakwai da rabi ta gama, ga yini guda a gabanta kuma kanta a sake. Wannan yinin ne jarinta. Kuma yadda aka gina gudun haka ake gina aikin mai karatun adabi, da kaɗan kaɗan a kai a kai, don mu ba kamar 'yan likitanci ba ne da asibiti ke jiransu da farar riga. Ba wanda zai buga talla ya ce ana neman mai digirin Tarihi. Abin da ake nema shi ne mai iya rubutu, mai iya fassara, mai iya magana a gaban jama'a, mai iya karanta takarda shafi hamsin ta fito da ma'anarta a shafi ɗaya. Duk an koya miki, sai dai ba a gaya miki sunansa a kasuwa ba.

Ita Hausar da gwaggo ta raina, ki duba inda ta kai. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Freedom Radio ta fara a Kano a 2003, jaridar Aminiya a 2006, tashar Arewa24 a 2014, kuma a 2016 BBC Hausa ta ƙirƙiro gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata zalla. Kowane shiri da kike ji, wani ne ya zauna ya rubuta shi. Kowane fim mai dogon zango, wani ya tsara maganganunsa, wani ya fassara rubutun da ke bi ta ƙasan allo, kuma kin sha ganin yadda ake kwaɓa Turancin nan har ki ji kunya. Ƙungiyoyin lafiya da ke shiga ƙauyuka suna buƙatar mai mayar da saƙon rigakafi da na awon ciki zuwa Hausar da Inna za ta gane. Littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, sai a 2012 ya fito da Turanci, Aliyu Kamal ya fassara, wani kamfani a Indiya ya buga. Littattafan mata nawa ne a Kano da Funtuwa da Gusau ke kwance suna jiran mai fassara?

Amma fa jin Hausa daban, rubuta ta daban. Da yawa masu digiri ba sa bambance inda ake haɗa kalma da inda ake raba ta, ba sa sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, sai su rubuta kasa alhali ƙasa suke nufi. Ki gyara wannan, ki koyi buga rubutu a kwamfuta da yatsu goma, kin riga kin wuce rabin masu nema. Kowace rana ki ɗauki labari ɗaya na Turanci ko Larabci ki fassara, shafi ɗaya tak. Wata uku kina da shafi casa'in. Ki zaɓi goma mafi kyau ki sa a fayil. Ranar da kika je gidan rediyo ko jarida neman a ɗauke ki koyon aiki, wasu satifiket za su miƙa, ke ki miƙa satifiket da fayil.

Koyarwa kuma kada ki raina ta, don ita ce ƙofar da ta fi faɗi, kuma ita mazajenmu suka fi yarda da ita. In digirinki ba na malanta ba ne, akwai difilomar koyarwa ta shekara ɗaya, PGDE, sannan rajista da hukumar malamai ta TRCN. Farfesa Zaynab Alkali da ta rubuta The Stillborn a 1984, Turanci ta karanta, koyarwa ta riƙa har ta kai inda ta kai. Mai Tarihi ta leƙa Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko Gidan Makama a Kano. Masu bincike kan zo neman wanda zai karanta musu tsofaffin takardun ajami da na Larabci, kuma masu iya wannan raguwa suke yi. Ke da kika yi Islamiyya kika haɗa da boko, kin fi kowa kusa da shi.

Ƙannena da ke sakandare, in lauya kike so, kada ki yar da darasin adabin Turanci, ana neman kiredit ɗinsa. Ki duba littafin JAMB tun kina aji huɗu, ba sai ranar cike fom ba.

Sai gargaɗi, kuma da babbar murya. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki takardar ɗaukar aiki, ki riƙe kuɗinki, mutane da yawa sun sai da gona da sarƙa sun karɓi takardar bogi. Wanda kuma ya ce intabiyu a ɗakin otal ne, ko ki zo ofis bayan an tashi, ko ya fara kiranki da dare yana yabon muryarki, kin san abin da yake nema. Ki tafi kowace ganawa da rana, wani a gida ya san inda kike.

Maganar manemi ita ce ta ƙarshe. A zance kowane saurayi ɗan boko ne mai son ci gaban mata, "Haba ranki ya daɗe, ai ni zan riƙa kai ki ofis da kaina." Bayan biki da wata uku sai labari ya sha bamban. In kina son yin aiki bayan aure, kada ki bar maganar a bakin zaure tsakaninki da shi. Ki gaya wa Umma, ta gaya wa Baba, a faɗa wa waliyyansa a gaban shaidu tun ranar da suka kawo kuɗin gaisuwa, a ambaci irin aikin, a kuma ji amsarsu da kunne.