CIWON SUKARI: RAGE TUWO DA SHINKAFA NA DA AMFANI, AMMA A LURA DA KITON

Duk mutumin da likita ya shaida masa cewa ya kamu da ciwon sukari, abin da ke fara damunsa shi ne abincin da zai riƙa ci. Kafin mako ya zagayo kuwa sai mashawarta su yi masa yawa. Wannan ya ce ya bar tuwon shinkafa, wancan ya ce ya koma ga acca da alkama, wani abokin aiki kuma ya kawo masa labarin tsarin abincin nan da ake kira kito, wanda a cikinsa ake ƙaurace wa kusan duk wani abinci mai sitaci. A cikin wannan shawara ta ƙarshe akwai amfani, akwai kuma haɗari, dukansu biyu kuwa sun rataya ne a kan wani sinadari mai suna kiton.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar Yaƙi Da Ciwon Sukari Ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 manya miliyan 589 ne ke ɗauke da ciwon, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nau'i na biyu gare su, watau wanda jiki ke samar da sinadarin insulin amma ba ya wadatarwa, ko kuma ba ya aiki yadda ya kamata.

Mene Ne Kiton?

A bisa al'ada jiki yana samun ƙarfi ne daga sukarin da ke fitowa daga tuwo, fura, burodi da sauransu, insulin kuma shi ne ke shigar da sukarin cikin tsoka. Idan sitaci ya yi ƙaranci, kamar lokacin dogon azumi, sai jiki ya koma ga kitsen da ya ajiye, hanta ta narka shi ta fitar da kiton. Ƙwaƙwalwa da tsoka suna iya aiki da shi a maimakon sukari. Muddin akwai insulin a jiki, shi ne ke zame wa hanta linzami, ya hana ta fitar da kiton fiye da kima.

Rage sitaci ba sabon abu ba ne ga likitoci. Tun a shekarar 1797 wani likitan soja a Birtaniya, John Rollo, ya ɗora masu ciwon sukari a kan abincin nama da kitse. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, takaita abinci shi ne babban magani. Shi kuwa tsarin kito, a wannan shekara ta 1921 ne aka tsara shi a Amurka, domin masu farfaɗiya.

Amfanin Rage Sitaci

A 2019 Ƙungiyar Ciwon Sukari Ta Amurka ta bayyana cewa rage sitaci yana da hujjoji masu ƙarfi wajen saukar da sukarin jini. Masana suna kiran abinci mai ƙarancin sitaci idan bai kai giram 130 a yini ba, shi kuwa kito yakan tsaya tsakanin giram 20 da 50. Domin a fahimci nisan wannan tafiya, kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kusan giram 45. Har ila yau acca da alkama ma sitaci ne, saboda haka wanda ya cika kwano da su bai rage komai ba.

Sai dai kuma abin da ake nema shi ne saukar sukari da rage ƙiba, ba hauhawar kiton ba. Wani bincike da aka yi a Birtaniya aka buga a 2017 ya nuna cewa kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin rage yawan abinci ciwon ya lafa musu bayan shekara guda, a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 cikin 100 ne. Tsarin da suka bi ba kito ba ne.

Inda Haɗarin Yake

Idan insulin ya yi ƙaranci ƙwarai, linzamin nan ya tsinke ke nan. Kiton sai ya taru har jini ya yi tsami, abin da kan kai ga suma, har da rasa rai idan ba a gaggauta zuwa asibiti ba. Alamominsa sun haɗa da ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, ruɗewa, da wani ƙamshi kamar na nunannen ɗan itace daga baki. Zazzaɓi, ko wata cuta, ko barin shan magani suna iya tayar da shi.

Ana auna kiton a jini da milimol a kowace lita. Ƙasa da 0.6 babu damuwa. Daga 0.6 zuwa 1.5 ya ɗan hau, sai a sake aunawa bayan sa'o'i biyu. Daga 1.6 zuwa 2.9 a nemi likita a ranar. Idan ya kai 3, asibiti za a nufa nan take. Mai bin kito yakan ga nasa tsakanin 0.5 da 3 alhali lafiyarsa ƙalau, shi ya sa lamba ita kaɗai ba ta isa hukunci ba, sai an haɗa da yawan sukari, da irin maganin da ake sha, da yadda jiki yake. Tsinken gwajin fitsari ya fi araha, amma yana nuna halin da aka baro ne sa'o'i a baya.

Magani Da Abinci Tare Suke Tafiya

Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin, idan ya yanke sitaci bai rage magani bisa umarnin likita ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya yi karkarwa ko ya suma. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo haka ba. Akwai kuma magunguna irin su dapagliflozin da empagliflozin, masu fitar da sukari ta fitsari. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa irin waɗannan suna iya jawo tsamin jini ko da sukari bai hau sosai ba. Mai shansu bai kamata ya shiga kito ba.

Wani abin lura ga sabon majiyyaci shi ne, ba kullum ne ake tantance nau'in ciwon tun farko ba. Akwai manya da ake ɗauka nau'i na biyu gare su, alhali insulin ɗinsu ƙarewa yake yi. Akwai kuma wani nau'i da ke farawa da tsamin jini daga baya ya lafa, wanda aka fi gani a tsakanin baƙar fata. Wani likitan Nijeriya, Babatunde Kwaku Adadevoh, ya yi rubutu a kan irinsa tun a 1968. Saboda haka sabon majiyyacin da ke ramewa ba da niyya ba, ga kuma kiton a fitsarinsa, kada ya ɗauka abincinsa ne ke aiki.

Hanya mafi aminci ita ce a fara da barin lemon kwalba da sukarin shayi, kunu da fura, a rage malmalar tuwo, a ƙara miyar kuɓewa, zogale, rama, ƙwai, kifi, awara da wake daidai gwargwado. Mace mai ciki da mai ciwon ƙoda kada su shiga kito. Sauran kuwa, kafin su sauya abin da ke cikin kwanonsu, su fara kai wa likita magungunan da suke sha ya duba.